Cape Town: Tafkin gishiri, tafkin kulorin da birnin da ya kusa rasa ruwan sha

Wanda ya buɗe taswirar Afirka ya gangara da yatsansa har can ƙasa ta hannun hagu, zai tarar da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, zaune tsakanin teku da wani ƙaton dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Dutsen Tebur, wanda tsayinsa ya haura mita 1,000. Yanayin garin a juye yake da namu. A watan Janairu, lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe a Kano da Sakkwato da Damagaram, su a can tsakiyar zafi ake, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Ruwan samansu kuwa da sanyi yake zuwa, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta. Ma'ana, lokacin da mutane suka fi buƙatar ruwa shi ne lokacin da sama ta fi rowarsa.

A cikin Janairun muka isa. Tun daga tagar jirgi ake hango wasu shuɗɗan ɗigo-ɗigo a bayan gidaje, kamar wanda ya yayyafa shuɗin wanki a kan unguwa. Tafkunan ninƙaya ne na cikin gida. A unguwannin da ke gindin dutsen, da wuya ka tsallake gida biyu ba ka ga ɗaya ba. Da jirgi ya ƙara yin ƙasa ya doshi filin sauka, sai hoton ya sauya: ɗakunan kwano ne a cunkushe, bango na jikin bango, ko shuɗi ɗaya babu.

Masaukinmu yana wata unguwa kusa da Athlone, inda Musulmi ke da yawa, ana jin kiran salla daga masallatai fiye da ɗaya. Musulunci ya daɗe a wannan birni, domin masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap tun 1794 aka kafa shi. Mai gidan dattijuwa ce, kowa Anti yake ce mata, mu ma muka bi sahu. Maƙwabcinta kuwa, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, Buta ake ce masa. Kada ku yi dariya yadda muka yi: ba butar alwala ba ce, a harshensu haka ake kiran yaya ko dattijon da ake girmamawa. Katanga ce gajera tsakanin gidajen biyu, kowannensu da tafkinsa, girmansu kusan ɗaya, kuma sun shafe shekaru suna musu ta saman katangar a kan wanda ya fi iya kula da ruwa. Na Anti tafkin gishiri ne, na Buta na kulorin.

Kafin a shiga musun, sai an san abin da ake faɗa da shi. Ruwan da ke tsaye wuri ɗaya, rana na dukansa, mutane na shiga da gumi da ƙura da man shafawa, ba ya kwana nawa zai fara lalacewa. Duk wanda ya san kududdufin bayan gari da damina ya san yadda gansakuka ke mayar da shi kore. Gansakuka ma ido na ganinta. Abin tsoron shi ne ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, masu jawo gudawa da ciwon kunne da ciwon ido. Kowane tafki yana da injin da ke zagaya ruwa da kuma wata tukunya cike da yashi da ke tace datti, amma yashi ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan aikin na sinadarin kulorin ne.

Kulorin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ake sa wa ruwan famfo a matatar ruwa, shi ne ke cikin bilic ɗin wanki irin su Hypo da Jik, shi ne kuma ke cikin 'yan ƙwayoyin da ma'aikatan lafiya ke rabawa a jefa a ruwan sha idan cutar amai da gudawa ta ɓarke. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara samar da shi a 1774, sannan Humphry Davy na Ingila ya tabbatar a 1810 cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa shi a ruwan shan jama'a a kai a kai, daga nan sauran birane suka ɗauka.

Buta da ludayinsa

Tsarin Buta ba shi da wata ƙumbiya-ƙumbiya. Kullum bayan magariba zai buɗe wani farin bokiti mai matsattsen murfi, ya ɗebi garin kulorin da ɗan ludayin roba, ya juya wa iska baya, ya barbaɗa a gefen da ya fi zurfi yayin da inji ke aiki. Garin, wanda sunansa na kimiyya kalsiyam haifokulorayit, ƙarfinsa yana kai wa kashi 65 zuwa 70 cikin 100, wato ya ninka bilic ɗin wanki sau da yawa. Muka tambaye shi me ya sa sai da dare. Ya ce hasken rana yana cinye kulorin, wanda aka zuba da hantsi kafin la'asar mafi yawansa ya tafi, amma na dare yana samun sa'o'i masu yawa yana aiki ba mai damunsa.

Da safe kuma sai gwaji. Yana ɗibar ruwa a wata 'yar kwalba mai gida biyu, ya ɗiga magani a kowane gida, ya ɗaga ya gwada launin da wanda aka zana a jikin kwalbar. Gida ɗaya yana nuna yawan kulorin, wanda ake so ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Ɗayan yana nuna ma'aunin pH, wanda ake so ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Tafkin nasa tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, matsakaicin zurfinsa mita 1.5. 'Yan lissafi ku buga: lita 48,000 ke nan, jarka 1,920 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Duk wannan ruwa, kulorin ɗin da ke gadinsa a kowane lokaci bai wuce giram 144 ba. Abu kaɗan ne, amma idan ya ɓace na kwana biyu ko uku a cikin zafi, sai a wayi gari ruwan ya fara dusashewa. Shi ya sa Buta ba ya kwana a wani gari sai ya bar wa wani amanar ludayin.

Akwatin Anti

A gidan Anti babu farin bokiti. Ta kai mu wani ɗan ɗaki a bayan kicin inda inji yake, ta nuna mana akwati a jikin bango, da waya da ta fito daga cikinsa ta shiga wani bututu mai garai-garai da aka dasa a kan hanyar da ruwa ke bi ya koma tafki. A cikin bututun akwai faranta na ƙarfen titaniyam a jere, an shafe su da wani ƙarfe mai tsada. Da ta kunna inji, sai muka ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin farantan kamar lemon kwalba da aka buɗe, ruwan ya yi fari-fari yana wucewa.

'Yan aji biyu na babbar sakandare da suka kai darasin ilektirolisis a Kemistiri, wato wargaza sinadari da wutar lantarki, sun riga sun san abin da ke faruwa a nan, ko da ba su taɓa ganin tafki ba. An narkar da gishiri, sodiyam kulorayid, a cikin ruwan. Idan wuta ta bi ta farantan, iskar kulorin tana fita a anod, iskar haidirojin tana fita a katod, sodiyam haidiroksayid ya rage a cikin ruwa. Shi ne lissafin nan da ake haddacewa saboda WAEC da NECO: 2NaCl + 2H₂O → Cl₂ + H₂ + 2NaOH. Kulorin ɗin da ya fito nan take yake narkewa ya zama asid haifokuloros, wanda shi ne ainihin mai kashe ƙwayoyin cuta. Garin Buta ma da ya shiga ruwa wannan asid ɗin yake zama.

Ashe dai tafkin gishiri tafkin kulorin ne. Gishirin da kansa, a ɗan yawan da ake sawa, ba ya kashe komai. Bambancin kawai shi ne Buta daga kanti yake sayo kulorinsa, Anti kuwa a gida take ƙera nata. Wannan magana ita ce makamin Buta, duk sanda musu ya yi zafi sai ya leƙo ta katanga ya tuna mata cewa ɗan juma ne da ɗan jummai. Ita kuma ta ce ta ji, amma ita ba ta tsayuwar magariba da ludayi.

Abin da ya fi burge mu shi ne gishirin ba ya ƙarewa da sauri. Kulorin idan ya gama aikinsa yana komawa kulorayid, wato gishirin da aka fara da shi, ya sake zagayowa ta farantan. Ruwan da rana ta ɗauke ma ba ya tafiya da gishiri, shi ya sa masu haƙar gishiri a Bilma ke barin rana ta ƙafar da ruwa su kwashe abin da ya rage. Gishiri yana raguwa ne kawai ta ruwan da aka fantsalar waje, ko wanda aka zubar wajen wanke tukunyar yashi, ko wanda ya ambaliya idan an yi ruwan sama mai yawa. Ranar farko ce ake zuba mai yawa: a kan giram 4 a kowace lita, tafki irin wannan zai ci kilo 192, kusan buhu huɗu mai kilo 50. Za ku ce ai ya zama miya. Mun ɗanɗana, da ƙyar harshe ke jin gishirin. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a kowace lita, hawayen idonka ma yana da wajen giram 9, ya ninka na tafkin Anti.

Wataƙila shi ya sa ruwanta ya fi daɗi a jiki. Mun shiga duka biyun, a nata ido bai yi mana yaji ba, fata ba ta yi kaushi ba bayan mun fito. Akwai kuma batun wari. Warin nan mai hawa kai da ake ji a tafkin otal, wanda kowa ke cewa kulorin ya yi yawa, yawanci ba haka ba ne. Idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari yana zama wani abu da ake kira kuloramin, shi ne mai warin, shi ne kuma ke sa ido ja. Tafkin da ke wari sosai alama ce ta ruwan ya ƙazantu, kulorin mai aiki ya yi kaɗan. Na'urar Anti tana sakin kulorin kaɗan-kaɗan muddin inji na aiki, babu hawa da sauka irin na ludayi, kuma wani ɓangare na kuloramin yana wargajewa idan ya bi ta farantan. Saboda haka wanda ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga tafki, ya kuma yi fitsarinsa a makewayi, ya taimaki idon kowa.

To amma na'urar tana da nata halin. Kuɗin sayenta da dasa ta ya isa a sayi garin kulorin na dogon lokaci. Farantan suna gajiya, galibi tsakanin shekara uku zuwa bakwai sai an sake su, kuma su ne suka fi komai tsada a jikinta. Wani farin ɓawo yana taruwa a kansu, irin wanda ke kwanciya a gindin butar shayi, sai an jiƙa su a asid mai rauni an wanke. Gishiri kuma abokin tsatsa ne. Anti ta nuna mana kusoshin tsanin shiga tafki da suka yi ja, da duwatsun gefe da suka fara ɓarɓashi inda ruwa ke fantsama ya bushe. Sannan ma'aunin pH na tafkin gishiri kullum sama yake son tafiya, kuma idan ya hau, kulorin yana yin sanyi: a 7.5 kusan rabinsa ne ke da cikakken ƙarfi, a 8 kuwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Don haka ita ma tana da kwalbar gwaji, tana da jarkar asid. Wanda ya ce maka tafkin gishiri ba ya buƙatar kulawa, talla yake yi maka.

Babban rauninta shi ne wuta. Idan babu lantarki babu kulorin. Afirka ta Kudu ta sha fama da ɗauke wuta bisa jadawali, wanda ya fi tsanani a 2023, inda unguwa kan yi sa'o'i da yawa a rana babu wuta. A wannan shekarar, in ji Buta yana murmushi, an wayi gari tafkin Anti ya zama kore shar, ta aiko jikanta da kofi a sam mata garin kulorin. Anti ba ta musa ba. Ta dai nuna mana farantan sola da ta ɗora a kan rufi daga baya.

Akwai mutum na uku a wannan labari, wanda ya fi su duka sanin ruwan. Wani saurayi ne ɗan ƙasar Malawi da ke zuwa duk Talata a kan keke ya share ganye, ya goge bango, ya wanke tukunyar yashi a gidajen biyu da wasu gidaje da dama a layin. Ba ya shiga musun. Abin da ya dame shi shi ne inda ake ajiye kaya. Ya nuna mana yadda a gidan Buta ya raba bokitin kulorin da jarkar asid, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, kowanne da ludayinsa. Idan asid ya taɓa kulorin, iskar kulorin ce ke tashi, mai launin ɗorawa-kore, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Tana ƙona maƙogwaro da huhu, a rufaffen ɗaki tana kisa. Idan kuma aka haɗa garin kulorin da ƙwayoyin kulorin irin na dunƙule, wuta na iya tashi. Ya ce wani abokin aikinsa ya taɓa zuba asid a bokitin da bai wanke ba, ya yi kwanaki a asibiti. Wannan ya shafe ku kai tsaye, musamman 'yan makarantar kwana masu aikin wanke makewayi ranar Asabar: kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari don wai ya fi ƙarfi. Kuma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. A nan tsarin Anti ya yi nasara ba tantama, domin buhun gishiri bai taɓa shaƙe kowa ba.

Shekarar da aka ƙirga ruwa da lita

Duk musun nan ya zama ƙaramin abu idan aka zo kan fari. Daga 2015 zuwa 2017 damina uku a jere ta gaza, madatsun ruwan da birnin ya dogara da su suka yi ƙasa. Theewaterskloof, wadda ta fi kowace girma, ta koma fili mai yashi da busassun itatuwa a tsaye. Hukumomin birnin suka sanar da abin da suka kira Ranar Sifili: ranar da ruwan madatsun zai sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100, za a rufe famfunan gidaje, mutum sama da miliyan huɗu su riƙa bin layi a wurare kimanin 200 suna karɓar lita 25 kowanne a rana. Jarka ɗaya ke nan. A wani lokaci an sa ranar 12 ga Afrilu, 2018. Daga 1 ga Fabrairun shekarar aka taƙaita wa kowa lita 50 a rana, sha da girki da wanka da wanki duk a ciki. An haramta cika tafki da ruwan famfo, an rufe mafi yawan tafkunan gwamnati.

Ku sake ɗaukar biro. Lita 48,000 a raba da 50, kwana 960 ke nan, rabon mutum ɗaya na fiye da shekara biyu da rabi yana kwance a bayan gida ana wasa a ciki. Ga kuma wanda ke bin iska. A lokacin zafi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso gabas, mutanen garin na kiranta Likitan Cape saboda tana share hayaƙi da ƙura daga sararin birnin. Ita da rana suna shan ruwan tafki ba ƙaƙƙautawa. A ce milimita 5 kawai ruwan ya sauka a yini, a faɗin murabba'in mita 32 lita 160 ke nan, fiye da rabon mutum uku, ba tare da kowa ya tsoma ko yatsa ba.

A nan ne wasu bambance-bambancen da ba a kula da su a da suka fito fili. Buta a da ƙwayoyin dunƙule yake jefawa a wani ɗan kwando mai yawo a kan ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da asid sayanurik, wanda ke yi wa kulorin laima daga rana. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, tafkin gishiri ma ana sa masa, sai dai ba ya tafiya ko'ina. Kowace ƙwaya tana ƙara shi, idan ya taru da yawa sai ya danne kulorin ya hana shi aiki, kuma maganin da aka saba shi ne a zubar da wani ɓangare na ruwan a ƙara sabo. Sabon ruwa kuwa doka ta hana. Dole ya koma gari. Anti ba ta da wannan matsala, tata daban ce. Lokacin da mutane suka fara ɗibar ruwan tafki suna rayar da shukokinsu, Buta yakan ɗiba ya ajiye a baho na 'yan kwanaki kulorin ya fice, ya ba itacen lemonsa. Ruwan Anti kuwa ko shekara ya yi a baho gishirin na nan, idan aka yi ta zuba wa ƙasa sai ta mutu. Makewayi kawai ta iya korawa da shi.

Su biyun sun karkatar da indararon rufinsu zuwa cikin tafki, ya zama babbar randar tara ruwan sama. Su biyun kuma sun sayi marufi, wata shuɗiyar leda mai kauri da ake shimfiɗawa a kan ruwan idan ba a amfani da shi. A ganinmu wannan ledar ta fi akwatin Anti da ludayin Buta muhimmanci, domin tana tare mafi yawan ruwan da zai bi iska, tana kuma kare kulorin daga rana. Ranar Sifili ba ta zo ba. Jama'a sun rage amfani da ruwa da kusan rabi, an rage wa manoma nasu kason, sannan ruwan sama ya sauka da sanyin 2018. Amma wani bincike da mujallar Nature Sustainability ta wallafa a 2023 ya nuna cewa masu hali, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin 100 na mutanen birnin ba, su ke amfani da fiye da rabin ruwansa, kuma lambuna da tafkuna na cikin dalilan. Mazauna ɗakunan kwanon nan na Khayelitsha da makamantansu, da yawansu tun kafin fari a famfon layi suke ɗibar ruwa da bokiti.

Idan da za a tambaye mu wanne ya dace da gida ko makaranta ko otal a Kano ko Kaduna ko Abuja, za mu ce a fara duba wuta. Inda babu tsayayyiyar lantarki ko sola mai ƙarfi, na'urar gishiri ado ce kawai a bango, gara garin kulorin da mutum mai hankali da ya san haɗarinsa. Inda wuta ta samu kuma akwai wanda zai iya gyara idan ta lalace, gishiri ya fi sauƙi a jiki, ya kuma fi aminci ga mai aikin. Ƙurar hunturu kuwa babu ruwanta da ko wanne ka zaɓa, tukunyar yashi ce za ta sha wahala. Kuma ko wanne ne, a kewaye shi da shinge ko a rufe shi da raga mai ƙarfi irin wadda Anti ke ɗaurawa saboda jikokinta, domin ƙaramin yaro yana nutsewa ba tare da ihu ba.

Ranar Asabar Anti ta ce mu je mu ga tafkin gishiri na gaskiya. Ta kai mu Sea Point, inda gwamnatin birni ke da manyan tafkuna a bakin Tekun Atlantika, ɗaya mai tsawon mita 50, ɗaya na masu tsalle daga sama, da na yara. Ruwan teku ake jawowa a tace a zuba, shi ya sa ko a lokacin fari wurin bai rufe ba. Daga bakin shingen ana hango tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku. Anti ta daɗe a tsaye tana kallon yaran da ke tsalle, baƙi da farare da 'yan asalin Indiya a layi ɗaya. Ta ce lokacin tana yarinya ba ta isa ta wuce ƙofar nan ba, wurin na Turawa ne zalla. Dokar raba wuraren shaƙatawa bisa launin fata an kafa ta a 1953, sai a 1990 aka soke ta. Ita sai da ta haura shekara arba'in ta koyi ninƙaya, a tafkin bayan gidanta.

Washegari muka hau jirgin ƙasan da ke zuwa Simon's Town, wanda daga Muizenberg yake bin gaɓar teku, har feshin ruwa kan kusa taɓa taga. Muka sauka a St James. A nan babu inji, babu akwati, babu bokiti. Katanga ce kawai aka gina a cikin teku ta kewaye wani fili, ga 'yan ɗakunan katako na sauya kaya a jere, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Sau biyu a yini teku yana cikowa, igiyar ruwa ta tsallako katangar ta kawo sabon ruwa ta kwashe tsohon. Ba a biyan ko sisi, iyalai sun zo daga ko'ina da tabarmi da kuloli. Ruwan wannan ɓangare na False Bay ya fi na Sea Point ɗumi, in ji mutanen garin, amma mu da muka fito daga Arewa sai da haƙoranmu suka kaɗa. Gansakuka ta lulluɓe bangon, ƙananan kifaye na gilmawa ta tsakanin ƙafafunmu, ɗaya daga cikinmu da ya buɗe baki a cikin ruwa ya gane bambancin giram 4 da giram 35 ba tare da kwalbar gwaji ba. Wajen la'asar teku ya fara cikowa, yaran garin suka jeru a kan katangar suna jiran igiyar da za ta tunkuɗo su ciki, mu kuma muka kwashe takalmanmu daga kan yashi kafin ruwa ya iso su.